Tsakanin Mantuwar Baba da In'inar Auta

A asibitin da take aiki babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Gwaji ake ce mata, tun daga likitoci har masu goge-goge, ita ma ta daɗe da daina gyara wa mutane. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin gashin ƙashi, inda da can ake jibge karyayyun kekunan marasa lafiya. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujeru uku, da fanka mai juyawa in ta ga dama. A durowa akwai katunan hotuna da suka sha hannu har gefensu ya yi laushi, da 'yan katakai masu launi-launi, da fensira da aka yi ta fiƙewa har suka koma guntaye. Da waɗannan take neman abincinta. In likita ya rasa gane ko tsoho ya fara ruɗewa ne ko kuwa baƙin ciki ne ya yi masa yawa, sai ya turo mata shi. In uwa ta kawo yaro wai ya isa yin magana amma shiru, nan ma ita ce. Da safe tsofaffi, da rana yara, haka take tun tana budurwa, ga shi har furfura ta fara leƙowa ta gaban ɗankwali.

Digirinta biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma da gumi ta same su. Sai dai a asibiti digiri biyu bai isa mutum ya sa hannu a ƙasan rahotonsa ba. Ita za ta zauna da mara lafiya, ita za ta gwada, ita za ta rubuta, sannan a kai wa wani mai digiri uku da ke leƙowa jefi-jefi ya shafta hannu ya yi gaba, wani lokacin ko karantawa bai yi ba. Abin yana ci mata rai, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne tambayoyin da take kwana da su take tashi da su, waɗanda ba ta da lokacin bin diddiginsu sai in ta koma makaranta. Ga kuma dokar asibitin: ana ba ma'aikaci hutun ƙaro karatu ne kawai kafin ya cika shekara arba'in. Ita kuwa arba'in ɗin tana bakin ƙofa, har ta fara sallama. Sau biyu ta nemi gurbin digiri na uku ba a ɗauke ta ba. In wannan karon ma ya wuce ta, to ta zauna ke nan a ɗakin karyayyun kekuna har ranar ritaya.

Wanda bai taɓa neman digiri na uku ba yana zaton irin shiga makarantar da ya sani ce, ka kai takardu a duba maki a ce bismillah. Ina! Sai ka samo farfesa guda da zai yarda ya riƙe ka, kamar yadda mai koyon sana'a ke samun ubangida. Kafin ya yarda kuwa, sai ka rubuta masa 'yan shafuka ka faɗa masa abu ɗaya tak da za ka yi shekaru kana tonawa, kuma dole abin ya zama cikin gonarsa yake. Abu ɗaya fa, kamar dai mutum yana zuwa duniya da damuwa guda ce a aljihu. Duk wanda ya kafa wannan doka, wallahi bai taɓa riƙon gida ba. Ita dai Mai Gwaji damuwarta biyu ce, kuma dukansu a gidanta suke kwana.

Na farko Baba ne, mahaifinta. A zamaninsa direban bas ɗin ma'aikatan wani kamfani ne, mutumin da maƙwabta ke saita agogo da fitowarsa. Shi ya koya mata karanta lokaci tun ba ta kai tsawon tebur ba, ya ɗora ta a cinya ya nuna mata dogon hannu da gajere a agogon da ke ɗaure a hannunsa. Bayan rasuwar mahaifiyarta ne ya fara 'yan mantuwa, dangi suka ce kewa ce. Ita da ke gwada tsofaffi kullum ta san ba kewa ba ce, amma ta bi sahun masu cewa kewa ce, don babu wanda ya kai mai sani iya runtse ido. Ranar da aka tsinto shi a tsohuwar tashar da yake ɗaukar ma'aikata, yana tsaye da makullin banɗaki a hannu yana jiran bas ɗin da aka daɗe da sayarwa, ranar ta kwaso kayansa ta dawo da shi gidanta.

Akwai wani gwaji da take wa tsofaffi a asibiti. Za a ba mutum farar takarda da fensir a ce ya zana agogo, ya jera lambobi, ya sa hannuwan a kan sha ɗaya da minti goma. Abu kamar wasan yara, amma yana tona halin da ƙwaƙwalwa ke ciki fiye da dogon surutu. Sai ta ɗauko gwajin nan ta kawo shi gida. Duk safiyar Asabar, bayan an sha shayi, za ta share gefen tebur ta ajiye wa Baba takarda. Da farko yana yi yana tsokanarta, wai ɗalibarsa ce ta girma ta dawo tana masa jarrabawa. Sannu a hankali lambobin suka fara cunkushewa a gefe ɗaya, kamar fasinjojin da suka guje wa ɓangaren rana. Daga baya hannuwan ma suka ɓace. Yakan riƙe fensirin ya daɗe yana kallon da'irar, gumi na tsattsafo masa a goshi, sannan ya ɗago ya ce a bar shi ya sake. Tana tara zanen a wani tsohon kwalin takalmi, tana so ta gano me ke cinye mutum yana zaune, da kuma ko akwai abin da 'yan gida za su yi su rage wa abin gudu.

Ta biyu kuwa Auta ce, 'yarta, wadda Baba ya laƙaba wa sunan tun ba a san ita kaɗai Allah zai bayar ba. Yarinya ce mai wayo kamar me, amma in'ina ta ɗaure mata harshe, sunanta ma sai ta yi kokawa da shi kafin ya fito. A makaranta malamarsu, da kyakkyawar niyyarta, ita ke ƙarasa mata magana don ta huta. Yara kuwa, da yake ba su san tausayi ba, suna kwaikwayonta a bakin famfo. Ta kai yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji ko da ta san amsa, in an aike ta shago sai ta ce cikinta ke ciwo. Uwar tana ganin ire-irenta a asibiti kullum, tana ba iyayensu haƙuri da 'yan dabaru, amma ta san dabarun nan aro ne daga littattafan da aka rubuta don wasu yara a wasu gidaje. So take ta zauna ta gano abin da zai yi wa nasu yaran aiki.

Abin da ya hana ta raba biyun nan, a barandar gidanta ta gan shi. Da yamma Baba yakan zauna a kujerar roba yana kallon titi, Auta ta dawo daga makaranta ta zube a gefensa ta hau ba shi labari. To a nan harshenta ke kwancewa. Ba wai in'inar na tafiya gaba ɗaya ba ne, amma takan yi sauƙi har uwar ta dakata da wanke-wanke a kicin tana saurare. Dalilin a fili yake: Baba ba ya gaggawa. Ba ya ƙarasa mata magana, don bai san inda maganar ta dosa ba. Ba ya cewa ai ta faɗa jiya, don jiya ba ta wurinsa. Labari ɗaya za ta maimaita masa, ya yi dariya kamar yau ya fara ji. Shi ma in tana kusa ba ya tashi neman makullin bas.

To ka ce wa mace irin wannan ta zaɓi ɗaya! A nema na farko da na biyu, yadda take rubuta rahoton asibiti haka ta rubuta takardar. Komai sai da ta sa, don a aikinta laifi ne ka ga abu ka ƙi rubutawa. Ta fara da tsofaffi, ta gangaro kan yara, ta ɗinke su da labarin baranda. Amsoshin suka zo cikin ladabi irin na mutanen da ba su da niyyar ganinka. Mutum ɗaya ne ya yi mata adalci ya faɗi gaskiya, ya ce takardunta sun yi kyau, amma bai gane ko wurinsa take son zuwa ko wurin maƙwabcinsa ba. Mijinta, mai gyaran wayoyin lantarki, mutum ne mai sauƙin kai da son barkwanci. Ya karanta amsar a wayarta ya miƙa mata, ya ce shi dai bai yi dogon karatu ba, amma ya san taura biyu ba ta taunuwa. Tun daga ranar yake kiranta Taura Biyu in yana son ta harare shi. Tana hararar tasa kuwa, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Neman kansa ma wani aiki ne a kan aiki. Sai ka bi tsofaffin malamanka su rubuta maka takardar shaida, wannan ya yi ritaya ba ya ɗaga waya, wancan ya ce ya tuna fuskarka amma ka tuna masa wane ne kai. Sai ka je ofishin da ke ba da sakamakon karatu a ce mai makullin ya fita, ka dawo a ce ya dawo amma injin buga takarda ne ya tsaya. Sai ka zauna ka cike komai a shafin jami'a a kwamfuta, kana dab da turawa ya ɗauke, ka koma farko. Duk wannan a hutun cin abincin rana take yinsa, cokali a hannun dama, hagu a kan madannai. Ta gaji irin gajiyar da barci ba ya warewa, har ta kai in ta ji kalmar bincike sai ta ji kafaɗunta sun yi nauyi.

A wannan shekarar ta ƙarshe jami'a ɗaya ce ta rage mata, don ita kaɗai ce za a iya zuwa a dawo a yini guda, kuma ba ta da halin barin Baba da Auta ta tare a wani gari. Sai aka yi dace, ko kuwa a ce rashin dace, sashen yana da mutum biyu da suka yi mata daidai. Akwai wani dattijon farfesa da ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan mantuwar tsofaffi, akwai kuma wata farfesa mace da ta yi suna kan maganar yara. Mai Gwaji ta yi ta jujjuya mutanen nan biyu a ranta har ta fara ramewa.

Sistar ɗakin gashin ƙashi ce ta kawo shawarar, suna zaune tana ɓare lemo. Mace ce da ba ta taɓa ganin matsalar da ta fi ƙarfin bakinta ba. Ta ce wannan ai ba abin ramewa ba ne, a rubuta takarda biyu mana, kowa a ba shi abin da kunnensa ke son ji, wanda ya fara amsawa shi ne rabo. Mai Gwaji ta ce in suka haɗa kai fa? Sista ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ta dubi asibitin nan kawai. Likitan tsofaffi yana saman bene, likitan yara yana ƙasa, duk shekarun nan ta taɓa ganin ɗaya ya buɗe fayil ɗin ɗaya? Ba ita Mai Gwajin ce ke hawa da sauka tana kai musu labarin juna ba? Ai manya duk haka suke, kowa da ƙofarsa a rufe.

Nan fa aka same ta. Da wata hujja aka kawo da ba ta yarda ba, amma wannan ta gani da idonta, gwiwoyinta ma shaida ne. Ta auna jami'a da mudun asibiti, ta zauna ta rubuta takarda biyu. A ta dattijon ta sa Baba da agogonsa, ko inuwar Auta babu. A ta farfesa mace ta sa Auta da bakin famfo, kamar Baba bai taɓa zama a gidan ba. Tana yi tana jin kamar ta fitar da ɗaya waje ta rufe ƙofa, sannan ta shigo da shi ta fitar da ɗayan. Saboda gajiya kuma, da saboda maganar gaskiya ce a ranta duka sau biyun, da jimla ɗaya ta buɗe takardun: cewa duk shekarun aikinta babu tambayar da ta hana ta sukuni kamar wannan, kuma ita kaɗai take son ba wa sauran ƙarfinta. Ta tura kowacce inda ta dace, ta tashi ta kira yaro na gaba.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo daga sashen, ana gayyatarta ganawa. Murna ta sa ba ta lura cewa saƙon bai faɗi wane farfesa ne ke nemanta ba. Mijin ya ɗauki hutun yini don ya zauna da Baba, ya raka ta tasha da sassafe yana gyara mata hannun jaka, ya ce yau dai Taura Biyu za ta dawo da guda a baki. Ta ce Allah ya sa, ba ta ko harare shi ba.

Ginin sashen tsoho ne, barandarsa doguwa, tana warin fenti da ƙurar littattafai. Sakatariyar ta duba sunanta ta nuna mata ƙofa ta ƙarshe. Mai Gwaji na isa ta ga sunan farfesa mace a jikin allon ƙofar, a ƙasansa kuma an manna wata farar takarda da salatif, an rubuta sunan dattijon da biro. Ashe rufin ofishinsa ne ya yi yoyo tun damina, ya kwaso littattafansa ya tare a nan kafin a gyara, gyaran kuwa har yau ana hanya. Tebur biyu ne a ciki suna fuskantar juna, butar shayi ɗaya a kan kabad. Ta tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofar. Da akwai wata shekarar a gabanta da ta juya, amma babu, don haka ta yi sallama ta shiga.

Suka amsa cikin fara'a, suka ba ta kujera a tsakiya, suka tambaye ta hanya. Sannan dattijon ya gyara zaman tabarau ya ɗauki takarda ya karanta jimlar farko a hankali, kamar mai karanta wasiƙar da ta yi masa daɗi. Yana ajiyewa farfesa macen ta ɗauki tata, ta karanta jimlar nan dai, babu ragi babu ƙari. Butar ta fara tafasa.

"Malama," in ji farfesa macen, "wacce ce daga ciki ta hana ki sukunin?"

Mai Gwaji ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mace da girmanta, da furfurarta, wadda iyaye ke zama a gabanta suna jiran abin da za ta ce, yau ga ta an kama ta kamar yarinyar da ta kwafi aikin gida. Ta buɗe baki maganar ta maƙale, ta sake buɗewa ta sake maƙalewa. A ranta ta ce ashe haka Auta ke ji kullum. Sai dai babu wanda ya ƙarasa mata, suka jira.

"Ranku ya daɗe, duka biyun ne," ta ce da ƙyar. "Ban yi wa kowannenku ƙarya a kan abin da ke damuna ba. Ɗayan ne na ɓoye."

Daga nan kuma bakin ya buɗe, ta kwashe komai ta faɗa musu: tasha da makullin banɗaki, kwalin takalmi, bakin famfo, da barandar da tsoho da jikarsa ke rage wa juna nauyi. Ta ce ta rubuta su tare sau biyu an ƙi ta, shi ya sa wannan karon ta raba su. Dattijon ya tashi ya zuba shayi ya ajiye mata a gaba. Ya ce labarin baranda ya taɓa shi ƙwarai, amma kaka ɗaya da jika ɗaya ba su isa a gina digiri a kansu ba, kuma a sashen nan babu mai iya duba aikin da ƙafarsa ɗaya ke nan ɗaya ke can. Farfesa macen ta ce ita ba dabarar takarda biyun ce ta dame ta ba, ta ga abin da ya fi haka. Abin da take tsoro shi ne ɗalibin da in aiki ya yi tsami a tsakiyar hanya zai ce ai dama ɗayan ne ya fi, ya bar wannan bai kama wancan ba, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Ta ce sun riga sun tattauna, sun ga ta cancanta, gurbi ɗaya ne kuma nata ne, amma sai ta faɗi da bakinta a nan inda za ta zauna, ta kuma bar ɗayan bari na gaskiya.

Mai Gwaji ta sunkuyar da kai tana kallon shayin. Ba sai an faɗa mata tsawon karatun ba, ta sani. Ta kuma san abin da ke cikin kwalin takalmi fiye da kowa a duniya, don ita ta jera zanen da hannunta, ta san yadda na bara yake, ta san yadda na makon jiya yake. Kafin ta gama tona abin da take son tonawa, Baba ya riga ya yi nisan da ba a jin kira. Auta kuwa yanzu take tasowa, akwai makarantu a gabanta, da neman aiki, da ranar da za ta tsaya gaban mutane irin waɗannan a tambaye ta. Lissafin ba shi da wuya, shi ya sa ya fi ciwo. Ta tsani kanta da ta iya yinsa cikin ƙiftawar ido.

"Yara," ta ce.

Farfesa macen ta gyaɗa kai ta ce ta same ta, takardar ɗauka za ta biyo baya. Dattijon bai nuna ɓacin rai ba. Ya ninke takardar da ta rubuta masa ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta gaida Baba. Wannan gaisuwar ce ta kusa sa ta kuka a gabansu, ta yi godiya ta fita da sauri ba ta ko taɓa shayin ba.

A bas ɗin dawowa mijin ya kira, ta faɗa masa an ɗauke ta. Ya yi ta hamdala yana cewa yau za a ga rawar mai lantarki, sannan ya ji muryarta, ya tambaya ko lafiya. Ta ce gajiya ce. Abin da ta shekara da shekaru tana nema ga shi a hannu, amma ba ta ji komai ba sai nauyi, kamar wadda ta kai mutum asibiti ta baro shi a can. Ta jingina kai da taga, takardar da ta rubuta a kan Baba a ninke cikin tafin hannunta har ta jiƙe da gumi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso. Tun daga ƙofar gida ta jiyo muryar Auta a baranda, tana ba Baba labarin wata mage da ta shiga ajinsu, labarin da ta ba shi shekaranjiya. Yana dariya har da buga cinya. Yarinyar na ganin uwarta ta tashi ta karɓi jaka ta shige ciki tana kiran babanta. Mai Gwaji ta durƙusa a gefen kujerar robar, gwiwoyinta na ƙara. Duk hanya ta shirya abin da za ta ce, ta nemi gafararsa, ta faɗa masa an ba ta zaɓi ta zaɓi jikarsa. Sai ya juyo ya dube ta da irin kallon da yake wa baƙi, na girmamawa da ɗan tsoro. Yau bai gane 'yarsa ba, amma ya gane mai ba shi takarda. Ya gyara zama, ya goge tafin hannunsa a riga, ya miƙo mata hannu.

"Malama, kin zo da agogon? Kawo in gwada. Yau na shirya."

Ta dubi hannun, agogonsa na nan ɗaure ya yi masa yawa. Duk Asabar ɗin nan ashe shi ma jarrabawa yake zanawa, yana ƙoƙarin kada ya ba ta kunya.

"Babu agogo yau, Baba. An daina. Ba za ka ƙara zanawa ba."

Ya kalle ta, damuwa ta bayyana a fuskarsa. Ya rage murya kamar mai tsoron kada a ji.

"To na ci ne?"

Ta kama hannun da hannuwanta biyu ta riƙe.

"Ka ci, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya ya jingina da kujera, ya ce alhamdulillahi, dama yana so ya faɗa wa 'yarsa, don ita ma 'yar boko ce, za ta ji daɗi. Ta ce za ta faɗa mata. Ta zauna a ƙasa a inda Auta ta tashi, takalmanta a ƙafa, hannunsa a cikin nata, suna kallon motoci na wucewa har aka kira su cin abinci.